Hannatu Ta Ci Abinci

Duk wanda ya tashi a coci a Arewa ya san labarin Hannatu tun yana makarantar Lahadi. Mace ce da ba ta haihu ba, ta yi kuka a gaban Allah, Allah ya ba ta Sama'ila. Haka aka koya mana, haka muka riƙe. A kunnen yaro labarin gajere ne: ga matsala, ga addu'a, ga amsa. Bana shekararmu takwas da aure ba mu sami haihuwa ba, kuma surar farko ta Littafin Sama'ila na Ɗaya, mai ayoyi 28 kacal, ta zame mana doguwar hanya da har yanzu ba mu kai ƙarshenta ba.

Mu biyu a jami'a muka haɗu, a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma da rubuta manhaja muke cin abinci. A aikinmu akwai abin da kowa ya sani. Za ka gaji manhajar da wani ya rubuta shekaru da suka wuce, ka ga wasu layuka da kamar ba su da amfani, idonka ya riƙa tsallake su. Sai ranar da mutane suka yi wa manhajar yawa, ko lantarki ya ɗauke ana tsakiyar biyan kuɗi, ka gane cewa don irin wannan rana aka rubuta su. Layukan suna nan tun farko, ba wanda ya ƙara ko harafi. Kai ne ba ka riga ka shiga halin da zai sa ka lura da su ba. Haka Littafi Mai Tsarki ya yi mana.

Abu na farko da muka fara gani shi ne Feninna. Muna yara ko sunanta ba mu riƙe ba. Ita ce ɗaya matar Elkana, mai 'ya'ya, wadda take tsokanar Hannatu kowace shekara idan an tafi sujada a Shilo, har ta hana ta cin abinci. A Hausa sunanta ɗaya, kishiya, kuma ba sai an yi wa kowa bayani ba. A gidanmu babu kishiya, amma muryarta ba ta rasa ƙofar shigowa. Takan zo a bakin gwaggo ranar bikin suna: "To ku kuma fa, har yanzu shiru?" Takan zo a bakin kawu da ya ja maigida gefe yana cewa, "Ɗana, namiji ba ya zama haka, ka yi tunani." Wanda ya yi alkawarin mace ɗaya a gaban ikilisiya ya san inda maganar ta dosa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, a wurin ibada ne tsokanar ta fi yi wa Hannatu zafi. Mu ma Lahadin da ake miƙa jarirai ita ce ta fi mana nauyi.

Na biyu shi ne Elkana. Yana ƙaunar matarsa, ba shakka. Amma da ya ga tana kuka, sai ya yi ƙoƙarin nuna mata cewa shi kaɗai ya isa ya maye mata gurbin 'ya'ya da yawa. Labarin bai ce ta amsa masa ba. Mun daɗe a kan wannan shirun, domin mun san shi a ɗakinmu. Mai ƙauna yakan yi gaggawar share hawaye saboda shi ma ba ya iya jure ganinsu. Daga nan muka koyi zama tare ba magana idan sakamakon asibiti ya dawo ba yadda muke so ba, kamar yadda abokan Ayuba suka zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Sai da suka buɗe baki ne suka fara ƙara masa ciwo.

Na uku shi ne ya fi taɓa mu. Eli firist ya ga leɓunan Hannatu suna motsi ba sauti, ya ɗauka ta bugu, ya tsawata mata. Ta yi masa bayani, ya sa mata albarka. Sai ta tashi ta tafi, ta ci abinci, fuskarta ta saki. A wannan lokaci babu ciki, babu alama, Feninna kuma tana nan da bakinta. Cikin ya zo daga baya, bayan sun koma gida Rama. Sau nawa muka karanta wurin nan muna sauri mu kai ga haihuwar Sama'ila? Yanzu a nan muke tsayawa. Matar ta sauke kayanta a gaban Allah, ta iya cin tuwo tun ba ta san amsar ba. Idan aka tambaye mu mene ne girma cikin bangaskiya, abin da muka sani ke nan: mutum ya iya ci, ya yi dariya, ya je barkar maƙwabci da zuciya ɗaya, alhali addu'arsa tana rataye.

Sai dai akwai haɗari a irin wannan karatu, kuma dole a faɗe shi. Mai ciwo yana iya ganin ciwonsa a kowace aya, ya tilasta wa Littafi ya faɗi abin da yake so ya ji. Masu son mu da alheri sukan turo mana labarin Ibrahim da Saratu ta WhatsApp, su ce namu ma yana tafe. Gaskiya ne Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi, yana da 100 aka haifi Ishaku. Amma da sunansa aka yi masa wannan alkawari, domin wani shiri na musamman. A aikinmu, wanda ya kwafo guntun rubutu daga wata manhaja ya liƙa a tasa ba tare da ya duba abin da ke kewaye da shi ba, zai ga kamar yana aiki, sai ranar da ya rushe masa komai. Mun ga ma'auratan da aka sa wa rana da wata da sunan annabci, ranar ta zo ta wuce, bangaskiyarsu ta bi ta. Wasu kuma aka ce musu zunubi ne ko asiri, alhali a sura ta 9 ta Bisharar Yohanna, da almajirai suka nemi sanin laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya wanke shi da iyayensa duka.

Shi ya sa ba ma karatu mu kaɗai. A ofis ba a sakin aikin mutum sai wani ya duba, domin idon da ya rubuta ba ya ganin gibinsa. Mai duba mana karatu wata dattijuwa ce a Zumuntar Mata, wadda kowa yake kira Mama. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma yaran da ta riƙa sun cika gida, wasunsu yau da nasu 'ya'yan. Ba ta taɓa ce mana za mu haihu ba, ba ta kuma ce ba za mu haihu ba. Wata rana ta ce, "'Ya'yana, ku buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 8." Labarin ma'ajin sarauniyar Habasha ne, mutumin da aka yi wa dandaƙa, wanda ba zai taɓa samun ɗa ba. Yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya, bai gane ba sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. Wurin da yake karantawa sura ta 53 ce. Mama ta sa muka ƙara gaba zuwa sura ta 56, inda Allah ya yi wa irin waɗannan mutane alkawarin suna da matsayi a gidansa wanda ya fi na masu 'ya'ya. Ta ce, "Ni a nan na sami wurin zama." Shekaru da yawa muna da wannan littafi a wayoyinmu, cikin Hausa da Turanci, amma sai wadda ta riga mu bin hanyar ce ta iya nuna mana shafin.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka kora daga aiki zai karanta zaman Yusufu a kurkuku da wani ido dabam, wadda ta binne miji za ta ji Na'omi fiye da yadda mu za mu ji ta. Ba ɗayanmu da ya ga Littafin gaba ɗaya, shi ya sa muke bukatar juna a kan benci ɗaya. Namu rabon shi ne Hannatu, kuma muna ci gaba da zuwa asibiti, muna ci gaba da roƙo. Mun kuma fara maganar ɗaukar riƙo, a hankali, ba tare da jin cewa mun fid da rai ba. Ko da yaya amsar ta zo, mun yi shawara tun yanzu cewa tukunya ba za ta kwana da abinci a gidanmu saboda baƙin ciki ba.