Neman Rediyo Mai Allura

Jama'a, duk wanda ya tashi a Tinyer ya san darajar akwatin rediyo. Garinmu yana cikin duwatsun Adamawa, Ngaundere da nisa, Garwa ta fi nisa, jarida kuwa sai ta tsufa kafin ta iso. A zamanin ƙuruciyarmu gajeren zango ne kunnenmu: Rediyo Garwa a mita 60, Kaduna a mita 49, sai BBC da Muryar Jamus.

Rediyon Babanmu National Panasonic ce, ya sayo ta a Yola tun kafin a karya darajar sefa a watan Janairun 1994. A goshinta akwai wata 'yar taga mai allura. Idan ana murɗa maɓalli aka doshi tasha, sai allurar ta tashi. Inda ta tsaya ƙololuwa, nan ne tsakiyar tasha. Da ita muka ji rasuwar Janar Abacha ranar 8 ga Yunin 1998, zaure cike, kowa ya zuba wa allurar ido kamar ita ce mai maganar.

Sai da muka girma wani mai gyara ya fahimtar da mu aikinta. Ashe rediyo tana da wata dabara a ciki: tasha ta yi rauni ta ƙara mata ƙarfi, ta yi ƙarfi ta rage, don kada murya ta riƙa hawa da sauka. To, wannan dabarar tana ruɗin kunne, domin tasha mai ƙarfi da marar ƙarfi duk kusan amo ɗaya suke fitarwa. Allurar ce take tona asiri. In tana lilo ita kaɗai, sama ce ta canza, sai haƙuri. In ta kwanta a kowace tasha, a duba batir ko wayar eriya da ke kan bishiyar mangwaro.

Yanzu Baba ya manyanta, kunne ya yi nauyi. Da ido yake kama tasha: ya bi allura har ta miƙe, sannan ya kara akwatin a kunne. Da daminar bara rediyon ta mutu, gyara ya ƙi. Muka ba shi ƙarama ta zamani. Kullum da asuba sai ya jira jika ya tashi daga barci ya kamo masa BBC. Bai yi ƙorafi ba, amma mun lura ya daina kawo labari majalisa, shi da a da daga bakinsa ake jin duniya.

Haka muka shiga nema. A kasuwar Ngaundere rediyo tuli, 'yan Sin, masu tocila, masu cin katin waƙa, masu caji da hasken rana. Mai allura babu. Wani yaron shago ma ya ce, "Alhaji, allura kuma? Ai sai wajen tela."

A babbar kasuwar Garwa muka kusa yin asara. Wani ya fito mana da babba mai allura har biyu, muka fara ciniki. Allah ya taimake mu ƙanenmu ya lura cewa da mai labarai ya yi shiru sai allurar ta faɗi, da ya yi magana sai ta yi tsalle. Wannan amo take aunawa, ba ƙarfin tasha ba, ado ne kawai na masu kiɗa. Ta gaskiya ko an yi shiru a tashar tana nan tsaye. Mai neman irin wannan rediyo ya riƙe gwajin nan, kuma kada ya yarda da 'yar jar fitila, don ita "akwai" da "babu" kaɗai ta sani. Mun ga Tecsun mai nuna ƙarfin tasha da lambobi, aikinta ba laifi, sai dai lambobin ƙanana ne, idon Baba ba zai gan su da asuba ba.

A kwana na uku aka kwatanta mana wani tsohon mai gyara a bayan kasuwa. Can ƙarƙashin tebur, cikin ƙura, ya jawo Grundig Satellit wadda mai ita bai dawo karɓa ba shekara da shekaru. Ya wanke maɓallanta, ya sa batir, allura ta motsa. Mun biya fiye da kuɗin sababbi uku, ba mu ja ciniki da nisa ba.

Mun iso gida bayan la'asar. Baba ya fara da mita 60, inda Garwa take a da, allura ba ta ko girgiza ba, domin tashar ta daɗe da barin gajeren zango. Muka gaya masa Jamusawa ma sun rufe tasharsu ta Kigali tun 2015. Bai tanka ba, ya ci gaba da murɗawa a hankali. Can sai allura ta ɗaga, ta koma, ta sake ɗagawa ta tsaya. Jikan ya matso zai taimaka kamar yadda ya saba. Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Je ka wasanka."