Mai jego na kuka, mu kuma muna cewa gajiya ce

Mai karatu, a watan jiya wani magidanci ya shigo kantin maganin da nake aiki a Kubwa. Karo na uku ke nan yana sayen maganin ƙarin jini, wannan karon har da neman na barci. Na tambaye shi wa ke jinya. Ya ce maiɗakinsa ce, wata biyu da haihuwa: ba ta cin abinci, ko jaririn ya yi barci ita idonta biyu, sai kuka ba dalili. An yi maganin maleriya, an yi na taifod, an yi ruƙiya. Babu wanda ya tambaye ta abin da ke ranta.

Ban ba shi maganin barcin ba. Na ce ya kai ta wurin likita, domin alamun sun yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa.

Kukan kwanakin farko abu ne da yawancin masu jego kan yi, yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, akwai magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 kan samu matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi wannan ciwon. Haɗarin ya fi yawa ga wadda ta taɓa yin ciwon damuwa, ko ta sha wuyar naƙuda, ko ta rasa jariri, ko take fama da rashin kuɗi da rikicin aure, ko ba ta da mataimaki.

Wannan na ƙarshen shi ne namu a Abuja. A gida akwai goyon ciki, akwai gwaggo mai dafa ruwan wanka da kunun kanwa har arba'in. A nan kuwa, da an watse daga suna, maigida ya fita tun asuba, sai ita da jariri a ɗaki.

Me ya sa ba a gano shi? Tana tsoron a ce ta yi wa Allah butulci, ko a kira ta mahaukaciya. Ranar rigakafi kuma jaririn ake aunawa, ba uwar ba, alhali akwai gwajin Edinburgh mai tambayoyi 10 kacal, tun 1987.

'Yar uwa, wannan ciwo ne, ba raunin imani ba, kuma yana warkewa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada, akwai kuma magungunan da likita kan rubuta wa mai shayarwa. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Idan kina jin tunanin cutar da kanki ko jaririn, a tafi yau, kada a jira gobe.

Maigida, yau da dare ka karɓi jaririn, ka tambaye ta yadda take ji, ka kuma saurara.

Allah Ya raya, Ya ba iyaye mata lafiya.