Daga Sakkwato Zuwa Kano: Nisan Sama Da Nisan Ƙasa

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wani abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu mutanen Dandin Mahe, da duk yankin Shagari da Bodinga, filin jirgin saman Sakkwato kusan a bakin ƙofarmu yake. Sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku aka sa masa, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Daga nan zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, in aka miƙe ta sama, kimanin kilomita 370 ne. Jirgin fasinja ba zai cika awa ɗaya ba ya sauka.

To amma galibin jiragen da ke tashi daga Sakkwato Abuja suke nufa, tafiyar kusan kilomita 490, wajen awa guda. Mai son Kano sai ya sauka can, ya jira wani jirgin, ya sake yin kimanin kilomita 360 zuwa arewa. Kun ga nisan ya ninka har da ɗoriya, kuɗin tikiti ma biyu ne.

Ni kuwa sana'ata a Kano cibiyarta take. Can masu ɗab'i suke, can dilolin littattafai suke a kasuwar Sabon Gari. Yanzu rubutu ta WhatsApp nake aikawa, amma lissafi da karɓar bashi sai ido da ido. Ribar littafi ɗaya ba ta sayen tikitin nan, don haka mota nake shiga: Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, sannan Kano. Sama da kilomita 500, yini guda cur a zaune.

A da, gajiya ce kawai abin tsoro a wannan hanya. Tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara, duk ranar da zan tafi mahaifiyata ba ta iya cin abinci. Takan ce, "Ɗan nan, kuɗin nan sun kai ranka?" Sai na kira ta daga Funtuwa hankalinta ke kwanciya.

Abin da ke ba ni dariya, mu marubuta a layi ɗaya muke ɗora Alhaji a jirgi daga Sakkwato, kafin shayin Hajiya ya huce ya isa Kano. Mai karatu a ƙauye ya lumshe ido, ya ji daɗi. Alhali wanda ya rubuta layin a kujerar baya ta mota ya je, mutum huɗu a matse, bakinsa bai rabu da addu'a ba.

Shi ya sa in an tambaye ni nisan Sakkwato da Kano, nakan ce a fara gaya mini nauyin aljihun matafiyin. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu, amin. Mu haɗu a rubutu na gaba.