Kpakungu: Unguwar Da Furen Wardi Ke Zaman Bokiti

Duk matafiyin da ya baro Bida ya doshi Minna, kafin ya shiga tsakiyar gari sai ya ratsa Kpakungu. A nan ne hanyar Bida ta gamu da titin da ya kewaye birnin ta yamma, a wani babban shataletale wanda ba ya rabo da hayaniyar motoci da 'yan talla tun daga asuba har dare. Wanda ya tsaya a wurin ba zai yi zaton akwai mai tunanin fure a unguwar ba. Amma in ya kutsa lungu ya leƙa tsakar gida, jefi-jefi yakan tarar da tsohon bokitin fenti a gindin katanga, da wani ɗan itace mai ƙaya a ciki. Wannan shi ne wardi, furen da ake tatsar turare daga jikinsa.

Dalilin zamansa a bokiti yana cikin tarihin garin. Minna ƙasar Gwari ce tun asali. Jirgin ƙasa ne ya fara buɗe ta, sa'ad da aka gama shimfiɗa hanyar dogo daga Baro zuwa Kano a 1911. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birninta, a 1983 kuma aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda babban mazauninta yake Gidan Kwano a kan wannan hanya ta Bida. Jama'a suka yi ta kwararowa, Nufawa da Hausawa da Yarbawa da sauransu. Kpakungu ta cika maƙil, gida na jingine da gida, galibi kuma ɗakunan haya ne. Ɗan haya ba shi da ƙasar da zai haƙa, saboda haka gonarsa ita ce abin da zai iya ɗauka ranar da ya tashi.

To, wardi kuwa baƙo ne a wannan yanayi, don shi ɗan sanyi ne. A Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, inda ake yin ruwan wardin da alhazai suka sani, gonakin suna bisa duwatsu masu tsawon kimanin mita 1,800, kuma da sassafe ake tsinke furen kafin rana ta kwashe ƙamshinsa. A nan gida ma ya fi sakewa a Jos, wadda take kan tudu mai kusan mita 1,200. Minna ba ta kai mita 300 ba, a watan Maris kuma zafinta yakan doshi digiri 40. Duk da haka yana rayuwa, muddin an san halinsa.

Ga yadda masu abin suke yi. Ana samun bokiti mai cin lita 20, a huda gindinsa wuri huɗu ko biyar, gama wardi ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa. A zuba tsakuwa a ƙasa, sa'an nan a cika da baƙar ƙasa haɗe da ɗan yashi da takin shanu wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. A farkon damina, wajen Mayu ko Yuni, ake yanko reshe mai kaurin fensir daga uwa mai ƙamshi a dasa. Wajibi ne mai saye ya sansana furen uwar tukuna, domin da yawa daga cikin irin zamani kyau kawai gare su, babu ƙamshi. Ana ajiye bokitin inda zai sha hantsi, katanga kuma ta tare masa ranar azahar. A ɗora shi kan bulo saboda gara, a kuma nisanta shi da awaki. In damina ta yi nisa ganyen yakan yi baƙin tabo. Maganinsa a tsinke wanda ya kamu, a daina jiƙa ganye wajen ban ruwa.

Babbar jarrabawar tana zuwa ne bayan ruwan sama ya ɗauke a Oktoba. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, gidaje da yawa sun dogara ga rijiya da 'yan garuwa masu tura jarkoki. A bazara bokitin wardi yana neman ruwa kowace safiya, uwargida kuwa sai ta auna tsakanin tukunya da wanki da fure. Masu dabara sukan tara ruwan da aka wanke shinkafa ko ganyen miya su ba shi, su rufe bakin ƙasar da ɓuntun shinkafa don kada laima ta gudu. Ruwan sabulu da na omo kam lahani suke yi masa.

Wanda ya ga ba zai iya wannan hidima ba, bai rasa mafita ba. Lalle, wanda mata suka fi sani da ganyensa, yana da ƙananan furanni masu ƙamshin da ke cika tsakar gida da maraice, ga shi da jure fari. Akwai kuma kariya, mai kaurin gindi da jan fure, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan wardin hamada. Takan yi kwanaki ba ruwa, sai dai ba ta da wani ƙamshi, ƙaronta kuma dafi ne, dole a kiyaye yara.

Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. A Kpakungu, wanda ya raba ruwan jarkarsa da wardi tun daga hunturu har faɗuwar ruwan fari, shi ne zai buɗe ƙofa wata safiya ƙamshi ya riga hayaniyar shataletale iso masa.