Ƙarar da A-kori-kurar Babana Ke Yi Kafin Ta Tashi

A gidanmu da ke Kakuri akwai wata tsohuwar Hilux mai shan gas. Babana ya saye ta ne bayan masaƙun unguwarmu sun daina aiki, kuma da ita yake ɗaukar kayan 'yan kasuwa. Kuɗin rajistata na jami'a daga bayanta suke fitowa, shi ya sa ba na yarda abokaina su kira ta gwangwani.

A hutun Disambar da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da Baba, ga kuma alkawarin kai wa wata Hajiya buhunan masara daga Kasuwar Monday zuwa Gonin Gora. Ya miƙo mini makulli. Na iya tuƙi, amma a ƙaramar motar fetur na koya.

Bayan sallar Asuba, sanyin hunturu na cizo, na murɗa makulli. Sai na ji "ƙas" daga wajen inji. Gabana ya faɗi, na ɗauka wata waya ce ta ƙone. Don in kore tsoron sai na danna kik nan take. Injin ya yi ta gurnani, ya feso farin hayaƙi, ya yi shiru. Na sake. A karo na uku na ji batir ya fara sanyi, kuma na san in ya mutu sai turi, ga layinmu babu gangara.

Sai ga Baba a bakin ƙofa, lulluɓe da bargo. Ya ce, "Kai, kashe min batir za ka yi? Ka ga fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya? Jira ta mutu tukuna."

A tsaye a nan ya yi mini bayani, yana tari. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da man zai kama da kansa, to in ƙarfe ya kwana cikin sanyi zafin ba ya isa. Shi ya sa aka sa hita fulogi. "Ƙas" ɗin da ya firgita ni ƙarar rile ce da ke tura musu wuta, tare da ɗan makunnin da ke buɗe wa mai hanya a famfo. In ka ƙara jira za ka ji wani "ƙas" ɗin, lokacin da ta yanke wutar. Wasu sababbin motocin ma har ɗan gunji suke yi, na famfon mai. Wanda ake tsoro, in ji shi, shi ne "kas-kas-kas" da sauri idan an danna kik: batir ya yi rauni ke nan, ko kansa ya kwance.

Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?" Ya ce shekara nawa ina zama kusa da shi yana jira, ni kuwa ina latsa waya. Gaskiyarsa ne.

Na mayar da makulli, na sake murɗawa, na zuba wa fitilar ido har ta ɗauke. Bugu ɗaya ta tashi. Na isa kasuwa a makare, Hajiya ta yi faɗa, ta kuma rage wani abu daga kuɗin dako. Ragowar na kai wa Baba a ɗaki, ya ƙirga sau biyu.