FAMFO: KALMAR DA TA BI RUWA TA SHIGO GIDANMU

Jama'a, ku tsaya mu ɗan duba kalmar famfo. Daga Turanci ta zo, kuma a can asalinta na'urar tura ruwa ko iska ce. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ta yi rassa.

A cikin gida, famfo shi ne kan da ake murɗawa ruwa ya zubo, alhali Bature yana da wata kalma daban ga wannan. A ƙauye akwai famfon tuƙa-tuƙa. Mai faci yana da famfon taya. In aka ce an yi wa wane famfo, to an zuga shi ne har ya kumbura. A birnin Kano har ƙofa kalmar ta samu, Ƙofar Famfo, tun bayan da aka jawo ruwan Chalawa zuwa birni a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Amma famfon da ya fi damuna shi ne na bakin gona a Bunkure da Kura da Garun Malam. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, an tsara ruwan ne ya gangaro da kansa ta manyan magudanai zuwa ƙanana, har ya shiga fangalin shinkafa da alkama da tumatir ba tare da inji ba. Da kachala da yashi suka toshe hanyoyin, sai manomin da ke ƙarshen layi ya koma sayen injin ban ruwa da mesa. Tun cire tallafin mai a 2023, kuɗin fetur na cinye ribar kwandon tumatir kafin ya isa kasuwar Kwanar Gafan. Shi ya sa wasu suka koma gas, wasu hasken rana.

To 'yan uwa manoma, inji yana da amfani, amma magudana mai tsabta ta fi shi arha. Mu fito aikin gayya mu yashe ta kafin rani. Mu riƙa biyan kuɗin ruwa, mu kuma matsa wa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ta kula da manyan hanyoyin. Na sama ya tuna da na ƙasa, ya rufe ƙofar magudana idan ya gama ban ruwa.

Allah Ya ba mu rani mai albarka.