Tafkin Timiya, Ruwan Da Ba Ya Ƙafewa A Duwatsun Asbin

Bahaushe ya san Asbin tun kaka da kakanni, amma yawanci a bayan raƙumi ya san ta, watau kantun gishirin Balma da dabino, sai kuma dawakin Bagazam da sarakuna ke taƙama da su ranar hawan salla. In an ambaci ƙasar, ba abin da ke faɗo wa mutum a rai sai rairayi da ƙishirwa. Kaɗan ne suka san cewa a tsakiyar waɗannan duwatsu na arewacin Jamhuriyar Nijar akwai wani tafki mai sanyi, ɓoye a gindin dutse, wanda rani da damina ba a rasa ruwa a cikinsa. Yana kusa da wani gari da ake kira Timiya, wajen kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas.

Kilomita 220 ba wata tafiya ba ce ga wanda ya saba da kwalta, amma wannan hanya ba kwalta a kanta. Matafiyi zai baro Agadas da sassafe, hasumiyar babban masallacinta mai tsawon mita 27 tana bayansa, ya kama hanyar duwatsu a cikin mota mai ƙarfin hawa, ya ratsa Elmeki inda aka daɗe ana haƙar kuza. Daga nan sai hawa da gangara, yanzu a kan tsakuwa mai kaifi, an jima a cikin yashin busasshiyar ƙorama, har yini ya kusa ƙarewa. Duwatsun baƙaƙe ne ƙirin, kamar an babbake su, kuma da ma wasunsu aman wuta ne na zamanin da ba wanda ya gani, ya huce ya daskare. Itatuwan hanya 'yan ƙaya ne, sai aduwa jefi-jefi, da goriba a bakin ƙoramu. Mutum na iya yin sa'a guda bai ga kowa ba sai yarinya da awakinta can a gefen tudu.

Ana saura 'yan kilomitoci kaɗan a shiga gari direba zai tsaya. Wanda bai san wurin ba zai wuce shi bai ankara ba, domin daga kan hanya ba a hango komi. Sai an sauka an taka da ƙafa cikin wani kwazazzabo, ana tsallake manyan duwatsun da ruwa ya goge suka yi santsi, sa'an nan iska ta fara sauyawa. Zafin da ke dukan fuska ya ragu, hanci ya ji ƙanshin danshi, kunne kuma ya fara jin kukan tsuntsaye bayan doguwar tafiya cikin shiru. Da an sha kwana sai ga bangon dutse ya tare gaba, tsaye cak, a gindinsa kuwa ga ruwa kwance, kore-kore daga bakinsa, baƙi daga tsakiya inda ya yi zurfi.

Asbinawa na kiran irin wannan ruwa agelmam da harshensu, Larabawa kuma su ce galta. Ba kududdufi ba ne irin na bayan gari wanda ruwan sama ke cikawa ya ƙafe kafin bazara. Kwarya ce ta dutse wadda ruwa da kansa ya fafe. Duk shekara in ƙorama ta kawo, ruwan yakan faɗo daga saman bangon da ƙarfi, ɗauke da tsakuwa da yashi, yana niƙa gindin dutsen sannu a hankali har ya yi rami. Abin da ke hana shi ƙafewa kuwa biyu ne. Na farko, bangon dutsen yana yi masa inuwa yawancin yini, rana ba ta samun damar shanye shi. Na biyu, ruwan da yashin ƙorama da tsagogin duwatsu suka sha da damina ba ya tafiya gaba ɗaya, yana nan yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan har wata damina ta zagayo.

Saboda haka abin da baƙo zai gani ya danganta da watan da ya zo. Daga Yuli zuwa Satumba, in an yi ruwa a kan duwatsu, magangarar tana zuba da ruri, ruwan ja wur da laka. Da sanyi ta koma siririya, daga baya ma ta ɗauke, a bar tafkin shi kaɗai, garau, ana ganin inuwar dutse a cikinsa. Wanda ya zo cikin Disamba ko Janairu da niyyar wanka ya shirya, gama Timiya tana kan tudu fiye da mita 1,000, kuma ruwan da rana ba ta taɓawa sanyinsa har cikin ƙashi yake shiga. Yaran gari dai ba su kula, daga kan dutse suke tsunduma suna shewa.

Ruwan nan mai rayarwa shi ne kuma mai kisa. A ƙasar da ba ta cika samun fiye da milimita 150 na ruwan sama a shekara ba, alhali Kano na samun ninki biyar ɗin wannan ko fiye, mutum zai ɗauka ambaliya ba abin tsoro ba ce. Amma dutse ba ya shan ruwa. In hadari ya zuba a can sama, ko da a nan ƙasa rana ake ƙwallawa, duk ruwan ƙorama ɗaya zai biyo, ya iso ba sallama. Shi ya sa mutumin Asbin ba ya yada zango a cikin yashin ƙorama da damina, komi laushinsa, kuma ba ya barin baƙonsa ya yi.

Daga tafkin zuwa gari tafiya kaɗan ce, kuma a nan ne idon baƙo zai ga abin da ruwan ƙarƙashin yashi ke iya yi. Lambuna ne jere a bakin ƙorama, dabino daga sama, a ƙarƙashinsa lemo da rumman da ɓaure da inabi, a ƙasa kuma fangalin alkama da masara da albasa da tafarnuwa da tumatir. Lemon Timiya ya yi suna a kasuwar Agadas. Tsohuwar dabarar ban ruwansu ana kiranta takarkart: a kafa itace a bakin rijiya da gargare, a ɗaura wa sa ko raƙumi igiya, yaro ya ja shi gaba, babban guga na fata ya taso ya juye kansa cikin kwami, ruwa ya bi lambatu ya shiga fangali, sa'an nan dabbar ta dawo da baya a sake. Haka ake yi tun asuba. Yanzu injin ban ruwa ya karɓe rijiyoyi da yawa, ya sauƙaƙe wahala, ya faɗaɗa gonakin albasa. Sai dai raƙumi yakan gaji ya huta, rijiya ita ma ta huta ta tara ruwa, inji kuwa ba ya gajiya muddin da mai a cikinsa, kuma rijiyoyin duka daga tulu ɗaya suke sha. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare a ƙasar, sun san iyakar abin da ke cikin tulun nan.

Mutanen Timiya Asbinawa ne na kabilar Kel Ewe, kuma Bahaushe ba zai nemi tafinta a cikinsu ba. Tun a 1850, sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Asbin a kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya tarar Hausa ta zauna daram a bakin mutanen. Gobirawa ma a tarihinsu suna cewa a Asbin suka zauna kafin su gangaro kudu. Amma abin da ya riƙe zumuncin shi ne ayari. Wajen watan Oktoba mazan gari kan ɗaure wa raƙuma kaya, su bi madugu, don su ma haka suke kiransa, su ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Balma, su ba da gero su karɓo gishiri da dabino. In sun dawo sun huta sai su nufo Damargu da Damagaram har ƙasar Kano da Katsina, su sayar, su sayi hatsi da baƙin rawani mai ƙyalli na marinar Kura, raƙumansu na cin karan gonaki suna bar wa manoma taki. Watanni suke yi ba su gida, mata ne ke riƙe da awaki da gari. Manyan motoci sun rage wa ayarin girma ƙwarai. Ko itaciyar nan tilo ta Tenere, wadda madugai ke saiti da ita, mota ce ta banke ta a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai.

A kan tudun da ke kallon garin akwai wata 'yar ganuwa da Faransawa suka gina cikin shekarun 1950, daga kanta ana ganin kwarin duka, kore a tsakiyar baƙi. Arewa da nan kuma akwai kangon Asode, tsohon birnin Asbin, wanda ba kowa a cikinsa sai bangayen dutse. Ƙasar ta sha wuya bayan yaƙin Kawusan, wanda ya kewaye barikin Faransawa a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917. Da aka karya shi, aka kwashe mutane daga duwatsun, da yawa suka yi ƙaura zuwa ƙasar Hausa.

Akwai zamanin da Turawa masu yawon buɗe ido ke zuwa bakin tafkin nan mota-mota da sanyi, maƙeran gari na shimfiɗa musu kayan azurfa, mata na kawo aikin fata. A 1991 Hukumar UNESCO ta sa gandun Asbin da Tenere, mai faɗin murabba'in kilomita 77,360, cikin wuraren gado na duniya, amma shekara guda bayan haka ta mai da shi cikin waɗanda ke cikin haɗari, domin tawaye ya ɓarke. A cikin wannan hargitsi ne aka kusa ƙarar da jiminar Asbin. An yi sulhu ranar 24 ga Afrilu, 1995, baƙi suka fara dawowa, sai wani tawayen ya tashi a Iferwan cikin Fabrairun 2007, aka binne nakiyoyi a hanyoyi, bai lafa ba sai 2009. Sace Turawa a Arlit a 2010, da kuma a cikin garin Agadas a 2025, ya ƙara tsinke igiyar. Samari da yawa da ke ja-gorar baƙi sun koma haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014.

Wanda ya yi niyyar zuwa, to, ya fara neman labarin hanya a Agadas wurin hukuma da mutanen gari, ya ɗauki ja-gora ɗan ƙasa, ya riƙe bargo mai kauri. A bakin ruwan kuma ya tuna na mutane ne da dabbobinsu: ba a sa masa sabulu, ba a jefa masa shara, in an tarar da mata suna shayar da awaki a ja gefe a jira. Asbinawa na ganin wuraren da ba kowa mazaunin aljannu ne, don haka ja-gora ba zai so magariba ta riske shi a kwazazzabon ba. Tun la'asar sakaliya zai kashe garwashin shayinsa bayan kofi na uku, ya ɗauraye 'yar butarsa nesa da bakin tafki, ya ce a tashi a shiga gari.